Kafur a Akwatin Jariri Ba Gado Ba Ne

A Giyawa, kamar a Wurno da Raba da Goronyo, mai ciki kan jefa ƙwayar kafur ƙarƙashin zannuwan goyo kafin ta rufe akwati, don korar asu da kyankyasai. Ana ɗaukar wannan gadon kaka da kakanni, alhali baƙon abu ne. Kafur ɗin da malamai suka sani a littattafai, wanda ake sawa a ruwan wankan gawa, daga wata bishiya ta gabashin Asiya yake fitowa. Farar ƙwayar kasuwa kuwa naftalin ce, wadda aka fara tacewa daga kwaltar kwal a Ingila wajen 1820. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rubuta littattafan magani ya kuma rasu a Wurno a 1837, bai ga wannan ƙwaya ba. Da kayan kantunan Turawa ta shigo daga baya.

Wani zai ce iyayenmu sun yi shekaru suna sawa, 'ya'yansu kuma sun girma lafiya. Gaskiya ne ga mafi yawa, amma ba ga kowa ba. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin gulutatayon, wanda ke tare dafin da ke lalata su, kuma duk lokacin da ya yi aiki sai wani sinadari, G6PD, ya sake ɗana shi. A 1956 masu bincike a Amurka suka gano cewa wasu ana haifarsu da ƙarancin wannan na biyun, galibi maza. Irin wannan jariri idan ya shaƙi naftalin, ko ta ratsa fatarsa daga riga, sai ƙwayoyin jininsa su farfashe, ido ya yi rawaya, shawarar ta iya taɓa ƙwaƙwalwa har abada. Uwa ba za ta zargi akwati ba, domin yayansa ya sa rigar bai samu komai ba.

Abin da ya sa lamarin ya shafi kwarin Rima musamman shi ne sauro. Ƙarancin G6PD na ba da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ya yawaita a zuriyar mutanen da suka daɗe a ƙasar zazzaɓi. Fadamar da ke ba da shinkafa da albasa da tafarnuwa ta daɗe tana kiwon sauro, tun kafin a gina madatsar Goronyo a shekarun 1980. Jinin da ya taimaki kakanni a fadama shi ne naftalin ta zo ta tarar, shanya kaya a rana kuwa na korar asu ba tare da ta taɓa jinin kowa ba.