Ido Ke Kallo, Ƙwaƙwalwa Ke Gani

A shekarar 1728 wani likitan Ingila, Cheselden, ya ba da labarin yaron da ya kawar wa yanar ido. Yaron ya tashi da makanta tun yana ƙarami. Ido ya buɗe, amma bai iya bambanta kyanwa da kare ba sai ya shafa su. Don me? Ƙwaƙwalwarsa ba ta koyi gani ba. Ashe gani ma koyo ne, kamar karatunmu.

Saboda haka, mutanen Gangara, in kun ga fari cikin ƙwayar idon jariri, ku kai shi asibitin Maraɗi da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.