Masu Gadin Kwamfuta: Tarihin Sana'ar da Tsoro Ya Haifa

A shekarar 2011 ina aiki a wani shagon buga takardu kusa da ƙofar jami'a a Zariya. Kwamfutoci huɗu gare mu, duk Windows XP, da injin fotokwafi ɗaya. Wata rana da hantsi wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta miƙo mini filash ɗinta in buga mata babi na huɗu na furojet. Ina sakawa sai na ga duk foldojinta sun rikiɗe sun koma shotkot, kowace da 'yar kibiya a gindinta. Ta dafa tebur ta ce, "Malam, aikin shekara guda ne fa, kuma ba ni da shi a ko'ina." Maigidana ya taso ya ja kujera, ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ya buga layi ɗaya. Fayilolin suka bayyana. Ya ce, "Kwantar da hankalinki, ƙanwata, ɓoye su ya yi, bai cinye ba."

A lokacin, kwamfutar da ba ta da antibairos tamkar shago ne babu ƙyaure. Muna da Avast a kan kowace, ga kuma Smadav ɗan Indunusiya yana tsaron bakin filash. Yau kuwa idan aka tambaye ni ko a sayi antibairos, sai na ɗan yi jim. Dalilin yana cikin tarihin sana'ar kanta.

A farkon 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta bairos ɗin da ake kira Brain, wanda ke bin faifan fulofi daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Ba su ɓuya ba: sun saka sunayensu da adireshin shagonsu da lambar waya a cikinsa, sun kuma ce manufarsu ita ce bin sawun masu kwafar manhajarsu ba da izini ba. Cuta na fitowa, masu magani suka fito. John McAfee ya kafa kamfaninsa a Amurka a 1987. A 1988, a birnin Prague, Pavel Baudiš ya rubuta maganin bairos ɗin Vienna, aikin da ya zama tushen Avast. A 1989 bairos ɗin Cascade, mai sa haruffa su zubo ƙasan allo kamar ganyen bishiya, ya kama kwamfutar Eugene Kaspersky a Rasha, daga nan ya shiga harkar. Norton AntiVirus ya biyo baya a 1991.

Yadda suke aiki mai sauƙin fahimta ne. Kamar maigadi ne da aka bai wa littafin hotunan sanannun ɓarayi: duk wanda ya zo shiga sai ya duba fuskarsa. Ɓarawon da hotonsa bai shiga littafin ba, shigewa zai yi. Shi ya sa a shagonmu maigida yakan zauna bayan isha'i da modem yana sauko da sabon jerin, domin antibairos da ya yi wata uku ba a sabunta ba, ado ne kawai.

Da intanet ta yaɗu, cutar ta daina jiran faifai. A watan Mayun 2000 saƙon ILOVEYOU ya taso daga ƙasar Filifin, ya bi imel ya kama miliyoyin kwamfutoci cikin 'yan kwanaki. Daga nan kuɗi suka shigo, masu ɓarna don neman suna suka ba masu neman riba wuri. Sai ka sauke manhajar kallon bidiyo, ka danna gaba, gaba, gaba, ka wayi gari burauzarka ta cika da sandunan talla, shafin farko ya canja. Manyan antibairos ba su cika kula waɗannan ba, domin a hukumance kai ka amince. Wannan giɓi ne ya haifar da masu shara irin su Ad-Aware da Spybot, sannan Malwarebytes da AdwCleaner. Har antibairos na bogi aka yi, mai jefo jan rubutu cewa an gano cututtuka barkatai, ka biya a cire.

Duk wannan kasuwa ta tsaya ne a kan abu ɗaya: Windows ba ta zo da maigadinta ba. A Disambar 2004 Microsoft ya sayi kamfanin GIANT, manhajarsa ta zama Windows Defender. A 2009 ya fitar da Security Essentials kyauta, ya kuma hana filash buɗe kansa da kansa a Windows 7. A 2012, da Windows 8, cikakken antibairos ya zo a cikin gida. Da farko ya yi rauni, amma a 'yan shekarun nan cibiyoyin gwaji irin su AV-TEST ta Jamus suna sanya shi a sahu ɗaya da waɗanda ake biya.

Akwai kuma abin da ba mu yi tunaninsa a shago ba. Maigadi shi ke riƙe da makullin kowane ɗaki. Antibairos yana ganin kowane fayil da kowane shafin da ka buɗe. A 2017 masu kutse suka cusa guba cikin wani mai shara da ake kira CCleaner, mutane fiye da miliyan 2 suka sauke shi daga hanyarsa ta gaskiya. A 2020 aka bankaɗo cewa wani reshen Avast mai suna Jumpshot yana sayar da bayanan yawon da mutane ke yi a intanet; aka rufe reshen, kuma a 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin biyan dala miliyan 16.5. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin da hannuna na saka wa mutane da yawa Avast, na ce musu sun tsira.

Darasin da ya fi girma ya zo a Mayun 2017, lokacin da WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ya riga ya fitar da facin kafar da ya bi tun watan Maris. Waɗanda suka sabunta Windows ɗinsu ba ta nan aka shige su ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, ya dace a saya? Ma'aikata mai kwamfutoci da yawa, ko ofis mai riƙe da kuɗin jama'a, suna da dalilin biyan tsaro na musamman. Mai tsohuwar Windows da aka daina yi wa faci, buƙatarsa ta farko sabuwar Windows ce. Amma mai laftof ɗaya a gida, abin da nake gaya wa ƙannena shi ne: ku bar Defender a kunne, ku bar Windows ta sabunta kanta ko da data za ta tafi, kada ku haɗa antibairos biyu su yi ta kokawa kwamfuta ta yi nauyi. Idan talla ta addabi burauza, a sauko da mai shara daga shafinsa na asali, ya share, a sallame shi. Manhajar sata kuwa, wadda mai gyara zai ce sai an kashe antibairos kafin ta hau, ita ce babbar ƙofar ɓarawo a garuruwanmu.

Ɗalibar nan ta yi sa'a, bairos ɗinta ɓoyewa kawai ya iya. Na yanzu kullewa suke yi su nemi kuɗin fansa, kuma layi ɗaya ba ya buɗe su. Kafin ta fita ranar, maigidana bai sayar mata da komai ba. Ya sa ta zauna ta buɗe imel, ta tura wa kanta furojet ɗin gaba ɗaya, ya tsaya a kanta har saƙon ya tafi.