Ofishin Gwamna a Garwa: Daga Ina Ya Samo Asali?

Kafin zuwan Turawa, ikon Garwa yana hannun Lamiɗo ne, a ƙarƙashin Yola, ita kuma Yola tana bin Sakkwato. Shari'a da haraji duk a fada ake yanke su. Jamusawa suka shigo a 1901, suka ajiye razdan a garin. Bayan an ci su a 1915, Faransawa suka gaji kujerar.

Sunan "gwamna" dai sai a 1972 ya zo, lokacin Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa. Gwamna Usman Mey yana zaune nan, amma hannunsa ya kai tun daga Ngaundere har bakin Tafkin Cadi. Kai, ƙasa ce guda! Shi ya sa da Paul Biya ya ɓata da Ahijo, a watan Agusta 1983 ya raba lardin uku, Marwa da Ngaundere kowacce ta samu gwamnanta.

Har gobe ba zaɓen gwamna ake yi ba, shugaban ƙasa ke naɗa shi. Lamiɗo kuwa, dokar 1977 ta mai da shi mataimakin hukuma, ko da yake ranar Idi bayansa jama'a ke bi zuwa filin salla.