Daga « indigénat » zuwa « garde à vue »: tarihin tsare mutum da kalmomin da ke ɗauke da shi

A wannan ɗan nazari muna so mu duba yadda aka raba ikon kama mutum, da na ajiye shi a kaso, da na sake duba hukuncinsa, a ƙasar Nijar. Ba mu masana shari'a ba ne. Ta ƙofar harshe muka shigo.

A zamanin mulkin mallakar Faransa, dokar 30 ga Satumba 1887 ta bai wa kwamandan damar ɗaure talaka har kwana 15 da cin sa tara har faran 100, wato dala 20, ba tare da alƙali ba. Wannan shi ne tsarin « indigénat ». Mutum guda ne ke sa gardi ya kamo, shi ke yanke hukunci, kuma babu wata kotun da za a ɗaukaka ƙara gare ta. Dokokin 22 ga Disamba 1945 da 20 ga Fabrairu 1946 suka soke tsarin, sannan ta 30 ga Afrilu 1946 ta hana kotunan gargajiya shari'ar laifuffuka.

Abin lura shi ne, a Faransa kanta ƴan sanda sun daɗe suna riƙe mutum ba bisa wata ƙa'ida rubutacciya ba. Kundin 1958 ne ya tsara « garde à vue », ya sa mata awa 24 da za a iya sabuntawa. Nijar ta ɗauko wannan fasali cikin dokarta mai lamba 61-33 ta 14 ga Agusta 1961, amma da awa 48, kuma ƙarin wa'adi sai da izinin mai shigar da ƙara (procureur). Daga nan aka sami hannu uku: ɗan sanda ko jandarma yana riƙewa na ɗan lokaci, alƙali yana sa hannu a takardar kai mutum kaso (mandat de dépôt), kotun sama kuma tana sake duba hukunci. Lauya ya makara wajen shigowa: a Faransa sai 1993 aka bar shi ya gana da wanda ake riƙe da shi, a ƙasashen UEMOA kuwa ƙa'idar 2014 ce ta ba shi damar tsayawa tun daga kamu.

To, a nan ne matsalarmu take. Faransanci ya bai wa kowane mataki sunansa, amma a bakin jama'a « an tsare shi » ko « an rufe shi » ta haɗe su duka. Kalmar « kaso » ma, wadda muka aro daga « cachot », ta shigo ne lokacin da babu bambanci tsakanin kamu da hukunci. A ganinmu ba talaucin Hausa ba ne, tun da « ɗaukaka ƙara » ta zauna daram. Aikin fassara ne aka bar wa tafinta shi kaɗai.

Idan tafinta ya ce wa manomi daga karkarar Tasawa « an tsare ka », bai gaya masa cewa akwai awoyin da ake ƙirgawa ba, balle wanda zai tambaya idan sun cika. Danginsa kuwa sukan nufi neman mai ceto, ba lauya ba. Muna ba da shawarar « riƙon bincike » a madadin « garde à vue », da « ajiyar alƙali » ga wanda ke jiran shari'a, mu ga ko za su karɓu a bakin tafintocin Maraɗi da Damagaram.