Wa ke jin shirun netwok? Daga ping na 1983 zuwa katse sabis a Faskari

A farkon watan Satumba na 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a faɗin jihar Zamfara. Bayan 'yan kwanaki aka yi haka a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Dalilin da gwamnati ta bayar shi ne a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto, a kuma hana cinikin kuɗin fansa ta waya. Idan kana yankin a lokacin, ai ba sai an ba ka labari ba: ba kira, ba tes, masu POS sun naɗe tabarma, mai saƙon gaggawa sai ya yi tafiya mai nisa neman inda waya za ta kama. A Katsina, sai a watan Disamba aka fara maido da sabis a wasu wuraren.

To ga tambaya, mai karatu: injiniyan da ke zaune gaban kwamfuta a Legas ko a Landan, zai iya gane cewa Faskari ta yi shiru ba tare da wani ya gaya masa ba? Amsar tana cikin tarihin kayan aikin da ake sa ido da su a kan netwok.

Sallama a ƙofar na'ura

Tun zamanin ARPANET, kakar intanet, wadda aka kunna a Amurka a 1969, matsalar ta bayyana. Na'urori suna garuruwa daban-daban, layukan tarho ne suka haɗa su, kuma idan layi ya yanke babu mai gani da ido. Sai kamfanin BBN, wanda ya ƙera na'urorin, ya sa kowace ta riƙa aika rahoton lafiyarta zuwa cibiya ɗaya a garin Kambirij na jihar Masacusets. Masu rubuta tarihin intanet sun ruwaito cewa ma'aikatan cibiyar kan buga wa kamfanin tarho waya su ce layinku na wuri kaza ya samu matsala, tun kafin masu layin su sani.

A watan Disamba na 1983 wani injiniya mai suna Mike Muuss ya rubuta wata 'yar manhaja ya sa mata suna ping, daga ƙarar na'urar da jiragen ƙarƙashin ruwa ke lalube da ita. Aikinta kamar sallama ne a ƙofar gida. Kwamfutarka za ta aika ɗan ƙunshin bayani zuwa wata kwamfutar, ta jira a amsa, ta kuma auna tsawon lokacin da amsar ta ɗauka. Har yau ping na cikin kusan kowace kwamfuta, kuma shi ne abu na farko da mai kula da netwok ke gwadawa idan an ce masa "ba ya tafiya".

Amma in ka yi sallama ba a amsa ba, ba ka san ko masu gidan ne ba sa nan, ko muryarka ce ba ta isa ba. Shi ya sa a 1987 Van Jacobson ya rubuta traceroute. Ɗauka ka ba direba saƙo daga Faskari zuwa Abuja, ta Funtuwa da Zariya da Kaduna. Traceroute zai aika saƙon farko da izinin tsallake zango ɗaya kacal, na biyu zango biyu, na uku zango uku, kuma duk zangon da izinin ya ƙare a kansa zai aiko da sanarwa. Inda sanarwa ta daina zuwa, nan za ka fara neman matsalar.

Mai gadin da ba ya barci

Mutum ba zai zauna yana buga ping dare da rana ba. Nan ne rubutun umarni ya shigo, wato ka jera umarnin da za ka buga da hannu a cikin fayil ɗaya, kwamfuta ta riƙa bi da kanta. Tsarin Unix na 1979 ya zo da harshen umarni na Stephen Bourne, da kuma cron, wata manhaja mai kama da agogon ƙararrawa da ke tayar da aiki a lokacin da aka tsara mata. A 1987 Larry Wall ya fitar da harshen Perl, wanda masu kula da na'urori suka runguma don tace dogayen rahotanni.

A 1988 aka fito da ƙa'idar SNMP. Da ita za ka tambayi rauta: bayanai nawa suka wuce ta kanki, tun yaushe kike kunne? Ita ma na'urar tana iya yin ihu da kanta in wata ƙofarta ta mutu. A 1995 Tobias Oetiker ya rubuta MRTG, wadda ke yin irin wannan tambayar duk minti biyar ta mayar da amsar zane mai hawa da sauka. A 1999 Ethan Galstad ya fitar da NetSaint, wadda daga baya ta koma Nagios, mai aika wa ma'aikaci gargaɗi ko da tsakar dare ne. Zabbix da Prometheus sun biyo baya. Kamfanonin waya na Najeriya, waɗanda suka fara sabis ɗin GSM a 2001, suna da ɗakunan sa ido da aka gina a kan wannan tunanin: in janareton ƙarfen sabis ya mutu ko an yanke waya, alama za ta fito a allo.

Ka lura da abu ɗaya. Duk waɗannan kayan an yi su ne don mai netwok ya ga nasa netwok ɗin. Kamfanonin da suka kashe ƙarafan sabis a Faskari sun san ranar da sa'ar da kowanne ya daina aiki, amma wannan bayanin yana cikin ɗakunansu.

Masu leƙe daga waje

A ƙarshen Janairun 2011 gwamnatin Masar ta katse intanet, kuma kamfanin Renesys ya ga abin yana faruwa daga Amurka. Ta yaya? Kowane babban kamfanin sadarwa yana shelanta wa duniya adireshin da ke hannunsa ta wata ƙa'ida mai suna BGP. Dare ɗaya shelar kamfanonin Masar ta ɓace. Daga nan sa ido daga waje ya zama fanni mai zaman kansa: akwai IODA ta jami'ar Georgia Tech, da OONI, da NetBlocks.

Sun yi aiki a yankinmu ma. Da aka katse intanet na wayar hannu a Nijar bayan zaɓen Fabrairun 2021, na kimanin kwana goma, an gani a ma'auninsu. Da aka toshe Twitter a Najeriya ranar 5 ga Yunin 2021, NetBlocks ta tabbatar a ranar, kuma gwaje-gwajen OONI daga wayoyin 'yan Najeriya sun nuna toshewar, wadda ta kai 13 ga Janairun 2022.

Irin na Faskari kuwa ya fi wuyar gani, saboda dalilai uku. Na farko, kamfanin waya ba ya janye shelarsa ta BGP don ya kashe ƙarafa a ƙananan hukumomi 13, tunda sauran ƙasar na aiki. Na biyu, wayoyin hannu masu yawa suna fita intanet ta adireshi ɗaya na kamfani, kamar 'yan haya da ke karɓar wasiƙa ta akwati ɗaya, don haka ba za ka yi wa wayar da ke Faskari ping daga waje ba, ba kuma za ka gane garin da take daga adireshin ba. Na uku, manhaja irin ta OONI tana buƙatar intanet kafin ta aika sakamakonta. Garin da dama can ba a cika jin motsinsa a ma'auni ba, in ya yi shiru, zanen ba zai nuna wani gagarumin sauyi ba.

Wannan yana da muhimmanci fa. Har yanzu ana muhawara kan ko rufe sabis ya rage hare-hare ko kuwa ya hana mutane neman ɗauki ne. Mai bincike da ke son amsa wannan da hujja sai ya san ranar da sabis ya ɗauke a kowane gari da ranar da ya dawo, ya kwatanta da abin da ya faru a tsakani. Ranar da aka yi sanarwa a rediyo ba lalle ta zama ranar da waya ta kama a ƙauyenku ba.

Abin da zai cike giɓin bai wuce kayan 1979 da 1983 ba. A tsohuwar kwamfuta mai Linux, ko wayar Android mai manhajar Termux, kana iya rubuta layi kaɗan: yi ping zuwa sananniyar saba, rubuta kwanan wata da lokaci da sakamakon a fayil, maimaita bayan minti biyar. Layi 288 ke nan a rana, kuma fayil ɗin yana nan a kan na'urar ko da babu sabis. In ɗalibin kwamfuta a Faskari da wani a Sabuwa da wani a Ƙanƙara suka ajiye irin wannan, kowa a layin kamfanin da yake amfani da shi, ranar da aka haɗa fayilolin za a ga inda sabis ya fara yankewa, da layin da ya riga dawowa, da tsawon lokacin da kowane gari ya yi a rufe. Sai dai ka tanadi batir ko sola, don kada ɗaukewar wuta ta bar giɓi a rubutun a ɗauka sabis ne ya tafi.