Pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis

Suna, Ingilishi, haruffa 45, gaɓoɓi 19.

Lafazi: nyu-mo-no-al-tra-mai-kro-sko-fik-si-li-ko-bol-ke-no-ko-ni-o-sis. Ba a furta harafin p na farko, bisa al'adar Turawan Ingila a kalmomin da suka aro daga Girkanci, ƙarfin murya kuwa yakan sauka a kan gaɓar o ta kusa da ƙarshe.

Ma'ana: ciwon huhu wanda shaƙar lallausar ƙurar silika ke haddasawa.

Ishtiƙaƙi: wanda ya feɗe kalmar nan bisa ƙa'idar malaman lugga zai tarar da Girkanci da Latin sun yi tarayya cikinta, domin pneumono huhu ke nan, ultra abin da ya ƙetare haddi, microscopic ƙanƙantar da sai da madubin likita ake gani, silico ma'adinin silika, volcano dutse mai aman wuta, coni ƙura, osis kuwa alamar cuta.

Tarihi: Everett Smith, shugaban wata ƙungiyar masu wasa ƙwaƙwalwa a Amurka, shi ya ƙirƙiro ta a 1935 domin tsawonta kawai, shi ya sa likitoci, waɗanda ba su da lokacin wahalar da harshe, suka tsaya ga gajeren sunan silicosis.