ZARE: Kafin DJ ya zo, su wa ke raya dare a Birnin Kudu da Gwaram?

1/ Jama'a ku matso, yau tarihi za mu taɓa. Jiya na ga ana musu a nan, wai mu Hausawa ba mu da al'adar zuwa kallon makaɗa suna bugawa da hannu, wai sai Legas ko Yamai. Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Zaren da tsawo, kowa ya nemi wurin zama 🧵

2/ Ni ɗan Yalwan Damai ne, ƙaramar hukumar Birnin Kudu. A yajin aikin malaman jami'a na 2022, wata takwas cur muna zaune a gida, abin da na yi da lokacina shi ne bin wasu masu kukuma da kalangu gari-gari: Babaldu, Sara, Kila, Basirka, duk inda aka kira su. Ba zan faɗi sunan maigidan nasu ba, bai ba ni izini ba. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗan boko.

3/ Amma bari mu faro daga nesa. Kayan kiɗa mafi tsufa a yankinmu ba ganga ba ce, dutse ne. A Birnin Kudu akwai Dutsen Habude, Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, inda mutanen da suka zana shanu a jikin duwatsu. A nan kusa kuma akwai duwatsun da in ka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar ƙarfe.

4/ Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, har ya ambaci alaƙarsu da al'adun aure. Wuraren da aka riƙa bugu sun lotsa saboda yawan duka. Ku yi tunanin hannu nawa ne zai lotsa dutse. Mu da muke wuce wurin a kan babur ko waiwaye ba ma yi.

5/ To a ƙasar Hausa kiɗa da sana'a tare suke tafiya. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe da 'yan mata. Garaya ta maharba. Gangar noma ta manoma ranar gayya. Taushi da kotso na fada. Goge an fi jin sa wajen 'yan bori. Mata a cikin gida su kife ƙwarya a ruwa su yi amada, wanda Barmani Choge ta Funtuwa ta fito da shi duniya ta ji.

6/ Kenan kowane kiɗa da masu shi, da lokacinsa. Ba ka sayen tikiti, ba ka zaɓar mawaƙi. Gidan da aka haife ka shi ke gaya maka gangar da za ta tayar maka da tsimi.

7/ Abin da ya karya wannan tsari, a ganina, mota ce. Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil ta ratsa Birnin Kudu, a Babaldu ta rabu, wata ta nufi Ningi da Bauchi, wata ta nufi Gwaram. Inda duk manyan motoci ke kwana, to sai tasha, sai mai shayi, sai mai tsire, sai otal, sai gidan magajiya. Direba ga kuɗi a aljihu, ga nisa da gida, ga dare da tsawo.

8/ Nan ne kulob ɗinmu na farko, ko da ba a kira shi da wannan suna ba. Kuma kayan kiɗan da ya dace da wurin ita ce kukuma: ƙanwar goge, ƙaramar ƙwarya da aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tal ta izgar doki, ana goga ta da ɗan baka. Ba nauyi, ka rataya ka hau mota. Muryarta kuma siririya ce, tana ratsa hayaniya.

9/ Ibrahim Na Habu na cikin waɗanda suka fara fito da ita. Sai Garba Supa a Kano, sai Hassan Wayam a Zariya. Ku tambayi iyayenku mata waƙar da ake sa wa amarya da ango a zamaninsu, ina mai tabbatar muku sunan Garba Supa zai fito kafin a rufe baki.

10/ Mu ma a Jigawa muna da namu, duk da a lokacin jihar Kano ce, sai 1991 aka yanke mu. Haruna Uji na Haɗeja, mai gurmi. Shi kaɗai da gurminsa zai riƙe taro, waƙoƙin soyayya kuwa tun kafin a haifi masu yi mana su yanzu a situdiyo. Allah Ya jiƙansa.

11/ Ɗan Maraya Jos ma haka, kuntiginsa gwangwanin kifi ne aka rufe da fata. Ku lura da wa ya yi wa waƙa: karen mota. Ba sarki ba, ba attajiri ba, yaron da ke kwana ƙarƙashin mota. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku inda masu sauraro suka koma. Ya rasu a 2015.

12/ Shata kuwa, me zan ce? Ɗan Musawa, ya fara waƙa yana tallan goro da alewa a kasuwa, mahaifinsa ba ya so. Da kalangu da 'yan amshi ya zaga Arewa kaf, ba takarda ba biro, a take yake ƙera waƙa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu Yunin 1999, aka binne shi a Daura.

13/ Na kawo waɗannan manya ne don ku gane abu ɗaya. Duk wanda rediyon Kaduna ya ɗaukaka, a bayansa akwai ɗaruruwan ƙanana da suke koyi da shi a ƙauyuka, ba wanda ya taɓa naɗar muryarsu. Baba cikin waɗannan yake. A kaset ya koyi salon Garba Supa, yana mayar da kaset baya da biro don kada batir ya ƙare.

14/ Masu cewa ba mu taɓa yin irin na jita da ƙaho ba, su ma ga amsarsu. Bala Miller, ɗan asalin Zariya, ya haɗa babbar ƙungiya a shekarun 1970, suna wasa a Costain Club a Kaduna, yana waƙa da Hausa a kan kiɗan zamani, har ya yi shiri nasa a NTA. Ya rasu a 2003. An yi, kawai dai bai yi jijiya a karkara ba.

15/ Yanzu bari in gaya muku yadda dare ɗaya yake tafiya, don wannan ne ba za ku samu a littafi ba. Su bakwai ne: Baba da kukuma, masu kalangu biyu, mai ɗan karɓi, 'yan amshi biyu, sai sanƙira. Babura uku ke ɗaukarsu da kaya, har da ƙaramin janareto da lasifika ɗaya mai shaƙewa.

16/ Ba a farawa sai bayan isha'i. A share fili, a shimfiɗa tabarmi, a rataya ƙwan lantarki a jikin dalbejiya. Kafin a fara, masu kalangu za su ɗan gasa fata a bakin wuta in akwai raɓa, don fata mai sanyi ba ta magana. Mai kalangu yana matse tsirkiyoyin a hammata, amon ya hau, ya saki, ya sauka. Da haka yake kiran sunan mutum ba tare da ya buɗe baki ba. Na ga dattijo ya miƙe daga kan benci don ya ji taken kakansa a bakin ganga.

17/ Mutumin da ya fi burge ni ba Baba ba ne, sanƙira ne. Tun la'asar zai shiga gari, ya zauna wajen mai shayi, ya ji waye ɗan wa, wa ya sayi sa bana, wa ya dawo daga ci-rani a Legas, wa da wa ba sa ga-maciji. Da dare duk wannan zai zama waƙa. Yana raɗa wa Baba suna, Baba yana ɗinka shi cikin kiɗa, a take.

18/ In sanƙira ya yi kuskure ya haɗa mutum da dangin da ba nasa ba, daren ya lalace. In ya daidaita, liƙi ya zubo. Shi ke shelar abin da aka bayar, kuma yakan ɗan ƙara gishiri don na gefe ya ji kunya ya ɗara. Wallahi duk abin da ake koya mana a aji na sanin halin abokin ciniki, mutumin nan ya haddace shi bai taɓa shiga aji ba.

19/ Kuma ba dare biyu da suke zama ɗaya. Waƙa guda na ji ta a Sara, na sake jin ta a Kila bayan sati, rabinta ya canja, don mutanen sun canja. Abin da ya sa na ƙi daina bin su kenan. Waƙar da ke wayarka yau haka take, gobe haka take.

20/ Ƙarshen dare a zube kuɗi a kan tabarma. A cire na mai, a cire na gyaran fata, Baba ya ɗauki kaso mafi tsoka, sauran a raba. Wani daren kowa ya koma da abin cefane na kwana biyu. Wani daren kuɗin man babur ma da ƙyar.

21/ To me ya faru har abin ya zama haka? Abu uku suka haɗu a kusan lokaci ɗaya, kuma ba na yarda da masu ɗora laifin a kan guda ɗaya.

22/ Na farko kowa ya sani. Daga 1999 zuwa 2000 jihohin Arewa suka ƙaddamar da shari'a, Zamfara ta fara, Kano da Jigawa suka biyo a 2000. Aka rufe gidajen giya da na magajiya. Mutane da yawa sun yi murna, kuma suna da dalilansu, don abin da ake yi a wasu wuraren ba abin faɗa ba ne. Amma dandalin da mai kukuma ke ci a cikinsa kowane dare ya tafi tare da su. Ya rage sai biki, sai suna, sai sallah.

23/ Na biyu shi ne wanda ba a cika faɗa ba: fiyano. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara da Turmin Danya a 1990. Zuwa ƙarshen shekarun nan situdiyoyin Kano irin su Iyan-Tama sun samu fiyanon Yamaha mai kwaikwayon amon ganga da sarewa. Da Sangaya ya fito, shi ke nan, kunnen matasa ya juya. Mutum ɗaya da yatsu goma ya maye gurbin mutum bakwai.

24/ Daga nan sai DJ. Uwar biki ta lissafa: makaɗa bakwai a ba su abinci, a ba su kuɗin mota, ga surutun unguwa. Ko yaro ɗaya da sifika da memori, ya saka mata Ado Gwanja da Hamisu Breaker har gari ya waye. Ni ma in ni ne ita, na san wanda zan kira. Har manyan mawaƙan ma in sun zo biki, DJ ke saka waƙar suna bi da baki.

25/ Ba zagin kowa nake ba fa. Jaruma na wayata, kar wani ya zo mini da faɗa 😅

26/ Na uku tsohon ciwo ne: raini. Muna son kiɗa, ba ma son makaɗi. Wanda ya yi liƙi jiya da dare, in ɗan makaɗin ya zo neman 'yarsa, sai a fara maganar asali. Shata da digirinsa bai kankare wannan ba. Don haka ɗan Baba na fari ya ƙi taɓa kukuma, Keke Napep yake ja a Dutse. Wa zai ga laifinsa?

27/ Sannan 2023 ta zo ta ƙarasa. Farkon shekara canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace. Sana'ar da gaba ɗayanta liƙi ne, ya za ta yi? Ba a manna wa mutum tiransifa a goshi. Ƙarshen Mayu kuma aka cire tallafin mai, babura uku da janareto suka zama kaya. Da na koma hutu sai na tarar sun koma su biyar.

28/ Abin da ke ba ni haushi shi ne in na leƙa Nijar. A Yamai akwai Tal National, wanda ya kafa ta, Almeida, ya kasance alƙali a kotu da rana, da dare ya rungumi jita. An san su da wasan awa biyar, dare biyar a mako, wani lokaci su rabu biyu don su yi wasa a wuri biyu. Faifansu Kaani ya fita duniya a 2013, suka zaga Amurka da Turai. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasar.

29/ Ba daga sama abin ya faɗo musu ba. Nijar ta kafa gasar Ɗan Gurmu a 1987, ta buɗe cibiyar koyon kiɗa mai sunan Elhaji Taya a Yamai. Mutane iri ɗaya, addini ɗaya, talaucinsu ma ya fi namu. Su sun ba abin gida da makaranta, mu mun bar shi a bakin tasha.

30/ Ba a ce ya mutu ba tukuna. Nasiru Garba Supa ya gaji kukumar mahaifinsa. Masu asharalle na nan a Katsina. Filin dambe har gobe ba ya tashi sai da kalangu, DJ bai isa ya zuga ɗan dambe ba. Amma na ƙauye irin su Baba, ba su da shafi, ba su da faifai, ba wanda ya san lambarsu sai sarkin pawa da 'yan acaɓa.

31/ Ni abin da na iya shi ne na naɗi dare tara a wayata, amon ba kyau, janareto na kuka a baya. Na nemi izininsa in saka guntu a nan, ya ce sai ya yi shawara da yaransa, don sunayen mutane na ciki kuma wasu habaici ne.

32/ In akwai mai tsohon kaset na makaɗan Birnin Kudu, Gwaram, Buji ko Ningi a akwatin babansa ko kakarsa, don Allah kar a jefar. Ku yi mini magana ta ciki, akwai abokina a makaranta da ke da rediyon da ke juye kaset zuwa kwamfuta. Wasansu na gaba kuma sai bayan an cire amfanin gona, in an sa rana zan sanar a ƙarƙashin zaren nan.